Ya Sa Muna Wuta

Alhamis, 12 ga Janairu 2017

Shanun rugar Bubakar sun sake bi ta gefen albasata. Ba su shiga ba, amma na ga sawu har bakin shinge, bara ma da sawu abin ya fara. Na gaya ma maigidana Latifu, ya ce in bari, maƙwabta ne. Maƙwabtan da rabona da rugarsu tun ina amarya. Matarshi Jariatu ta biyo da nono da hantsi, na ce muna da shi. Ba mu da shi.

Akwai hayaƙi can yamma wajen daji. Inna, uwar Latifu, ta ce masu farautar gafiya ne. Gobe Latifu za shi kai albasa kasuwar Malanville, sai an tashi kasuwa shi dawo.

Lahadi, 15 ga Janairu. Malanville, gidan Yaya Sa'idu

Muna da rai duka. Bari in fara rubuta wannan kafin komi. Alhamdu lillahi.

Jiya bayan azahar ina daka, ɗiyata Samira na wasa gindin turmi, sai na ga toka na sauka cikin dawar. Na ɗaga kai, yamma duk ta yi ja. Iska ta juyo da wutar dajin kai tsaye bisa tungarmu. Maza ba su nan, wasu na kasuwa wasu na fadama wajen ban ruwa. Tungar Na-Allah ta rage mata da tsofaffi da yara, kowa na kiran sunan nashi.

Inna ba ta iya gudu, gwiwoyinta sun daɗe da ƙi. Ina tsaye Samira a kafaɗa, na ja hannun tsohuwa ta faɗi zaune, ban san abin da zan yi ba. Sai ga Jariatu da amalanken jaki har ƙofar gida. Ta ce, "Uwar Samira, kama hanyar kwalta, bar min tsohuwa." Na gudu.

Abin da ya hana ni sukuni: maƙwabciyata Zeinabu ta bar jaririyarta Rabi tana barci ɗakin Inna kafin ta tafi fadama, yadda ta saba. Wallahi na manta da ita. Ko sau guda ba ta faɗo min a rai ba, sai da amalanke ya iso bakin kwalta na ga Jariatu na kwance goyo. Ta miƙo min ɗiyar da zanen duka, ta sauke Inna, ta juya jaki ta koma cikin hayaƙin wajen nata ɗiyan. Can sai ga Zeinabu daga fadama, ba ɗankwali ba takalmi. Ta fizge Rabi daga hannuna, ta riƙe ni tana kuka tana sa min albarka. Kafin in gaya mata yadda anka yi, wata mota ta kwashe su zuwa Guéné wajen danginta, mu kuma mai motar shinkafa ya kawo mu nan gidan yayana.

Wani abu kuma. Da ina gudu na waiga, na hango Bubakar bayan rumbunan tunga da damin ciyawa mai ci da wuta a hannu, shina tafe shina taɓa ƙasa da shi. Na ce a raina, ashe. Ban gaya ma kowa ba tukuna.

Matar Yaya, Sa'a, ta ba mu ɗakinta ta koma rumfa. Har ruwan wanka mai ɗumi. Allah shi saka mata da alheri.

Litinin, 16 ga Janairu

Latifu ya je ya gano, ya dawo. Rumbunanmu na tsaye. Na tunga duka na tsaye, gidaje ma, sai danga da ta ƙone nan da can. Da ya faɗa sai na durƙusa na gode Allah. Abincin shekara.

Na Bukari ne kaɗai, mijin Zeinabu, sunka tafi. Shi bara ya gina nashi can bakin gona, wai kusa da aiki. Ba abin da ya rage.

Sai na faɗi abin da na hango. Inna ta taso min da Dandanci, yarensu, kamar za ta cinye ni. Ta ce ke ɗiyar birni, mi kika sani? Wuta ake tarar wuta da ita. Bubakar ya ƙone ciyawar bayan rumbu ne tun babbar ba ta iso ba, shi da ƙannenshi na bi da ɗanyen ganye suna kashe gefen da ke wajenmu, don in ta zo ta tarar ba abin ci. Ta ce tana yarinya ta ga ubanta ya yi haka. Daga bisa amalanke ta gane, ta yi ta yi ma Bubakar addu'a har kwalta.

Na ji kunya. Na kuma gode Allah da na riƙe bakina kwana biyun nan, abin da ba halina ba.

Latifu ya koma tsaron gida. Samira na tari, ƙirjinta na ƙara.

Talata, 17 ga Janairu

Asibiti. Hayaƙi ne ya shige ta, sun riƙe mu. Ta sha kunu kaɗan.

Laraba, 18 ga Janairu

An sallame mu, Samira ta warware. Muna shiga gida waya ta yi ƙara, Latifu ne. Jandarma sun tafi da Bubakar tun safe.

Sa'a ta ba ni labarin yadda anka yi. Ina asibiti mutanen unguwa sunka yi ta zuwa jaje, Inna na zaune bisa tabarma tana karɓa. Unguwar Yaya ta Hausawa ce, Sa'a ma ba ta jin Dandanci, sai Inna ta ɗauko Hausarta. Hausar Inna kuwa ta sayen gishiri da sabulu ce. Duk wanda ya durƙusa sai ta ce mishi, "Bubakar ya sa muna wuta. Bayan rumbu ya sa muna. Da idona na gani. Allah shi biya shi."

A bakinta godiya ce: ya kunna wuta dominmu, Allah shi ba shi lada. A kunnen Bahaushe kuwa, ya ƙone mu, Allah shi kama shi. Kalma guda ce, muna. Ta ɗauki don mu, ta ɗauki a kanmu, sai dai mai ji shi zaɓa. Ga ta tsohuwa tana hawaye. Wa za shi zaɓi ta farko?

'Yan kabu-kabu sunka kwashi zancen, kafin la'asar ya kai Guéné, ya shiga kunnen Bukari. Ya kai ƙara. Jandarma guda ya zo jin bakin Inna, mutumin kudu, shi ma Hausar tashi nan bakin iyaka ya tsince ta. Ya ce, "Tsofuwa, wa ya sa wuta?" Ta gyara zama ta maimaita mishi da alfahari, har da ɗaga yatsa sama.

Na fassara ma Inna da Dandanci abin da ta faɗa da Hausa. Ta ture kwanon tuwo. Na zauna da wagga mata shekaru, mun sha faɗa, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Alhamis, 19 ga Janairu

Mun je gidan jandarma, ni da Inna da Yaya. Kumandan ya karɓe mu da mutunci, ya sa anka kira mai jin Dandanci. Inna ta yi bayani tun daga ubanta. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce maganarta ya gane, ya cire ta. Amma ƙarar ba tata ba ce, ta Bukari ce. Kuma Bubakar da bakinshi ya amsa cewa wutar da ya kunna ita ta fara isa rumbunan Bukari, don suna can waje, ta gefen daji. In mai ƙara bai janye ba, za a wuce da shi kotun Kandi.

Na ce, to ai ko bai kunna ba babbar na zuwa ta cinye su. Kumandan ya ce, "Madam, wannan Bukari za ki gaya ma, ba ni ba."

Sun bari mun ga Bubakar ta ƙofa. Girarshi ta ƙone, hannu biyu a naɗe da tsumma. Inna ta fashe da kuka. Shi kuwa abin da ya tambaya, "Wutar ba ta sake tashi ba, rumbunan na nan?" Yaya ya ce suna nan. Ya ce to madalla. Sannan ya ce a gaya ma Jariatu ta kai shanu gefen gulbi, kar ta bari su lashi toka.

Mutumin da ko gaisuwarshi nike amsawa da hanci.

Asabar, 21 ga Janairu. Gida

Mun dawo. Tun daga kwalta ƙasa baƙa ƙirin, har wajen da ido ya tsaya. Itatuwa tsaye ba ganye. Sai ka zo bayan rumbunan tunga, baƙin ya yanke, ciyawa ta ci gaba da zama ciyawa. Na tsaya ƙafa guda bisa toka guda bisa ciyawa, na yi ta hamdala. Kajina ma suna nan, ban da mai kwanci.

Ruga babu. Ban san haka ba, Latifu bai faɗa min ba. Tana ta can gefen da Bubakar ya ba wuta. Murhu kaɗai ya rage da ƙonannun ƙore. Lokacin da ya samu bai isa shi kewaye tunga da ruga duka ba, sai ya kewaye inda hatsi yake. Jariatu da ɗiyanta na gindin tsamiya tun ranar, da tabarma guda da wani ya ba su.

Inna ta ce a kwaso su. Ba shawara ta yi ba. Latifu ya dube ni, na ce mi kake dubana, ɗakina ne babba. Na kwashe kwanonina na kai na Inna. Gaskiya raina ya ɗan sosu da na ga yaran sun hau gadona da ƙafa, amma na haɗiye.

Litinin, 23 ga Janairu

Tunga ba ta koma daidai ba. Kowa ya ga hayaƙi sai ya miƙe, ko na murhu ne. Jiya wata ta ƙona shara, sai da maza sunka fito da bokiti. Samira in ta ji ƙamshin toka sai ta kama zanena. Maza sun shiga share ciyawa kewayen gidaje, aikin da Inna ta ce da can kowace kaka ana yi kafin mutane su yi ƙiba.

An rabu biyu. Wasu na aiko ma Jariatu da tuwo ta bayan danga. Wasu na cewa ko an sake shi, ruga ba ta sake zama nan, wa ya san wanda ya kunna ta farkon ma. Masu faɗin haka hatsinsu na cikin rumbu lafiya lau.

Zeinabu ta dawo daga Guéné. Ta ji wanda ke ɗakina. Mun haɗu a rijiya, ta ce sannu, na ce sannu, shi ke nan. Matar da ko gishiri ba mu raba ba. Ta daina kawo ma Inna jaririyar, da ita take zuwa fadama cikin rana. Na so in tare ta in yi magana, ta ɗauki tulu ba ta ko cika shi ba.

Jariatu ba ta da surutu. Kafin in tashi ta share gida, ta hura wuta. Ba ta tambayar labarin mijinta, sai dai duk moto, babur ke nan, da ya tsaya sai ta bar abin da take yi.

Laraba, 25 ga Janairu

Maigari ya tara maza. Kowane gida da rumbunshi ya tsira ya fitar da dammuna, anka kai ƙofar Bukari. Latifu ya fitar da namu ba tare da na ce uffan ba, ni ma na ƙara da wake. Inna ta sa anka kwashe ɗan rumbunta kaf. Latifu ya ce, Inna ki rage na kunu. Ta ce bakin da ya ɗaure mutum ba shi bukatar kunu.

Bukari ya karɓa, ya yi godiya gida gida. Da maigari ya kawo zancen ƙara sai ya sunkuyar da kai. Latifu ya ce min cewa Bukarin ya yi, "Hatsi kun mayar min, Allah shi saka. Irin geron babana fa, da ke rataye ciki? Bubakar ya tsaya ya zaɓi wanda za shi ƙone, ya zaɓe ni. Ku da naku ya tsira, ku gode mishi."

Na so in ji haushinshi, ban iya ba sosai. Da namu ne ya tafi, na san bakina, da har Kandi ana ji na.

An ce farkon mako mai zuwa za a wuce da Bubakar. Ban gaya ma Jariatu ba. Ina jin ta sani.

Jumma'a, 27 ga Janairu

Yau da hantsi Zeinabu ta yi sallama, ta tsaya bakin ƙofa ba ta shigo ba, Rabi a bayanta. Ta miƙo min zane a ninke, wankakke, shuɗi mai zanen ganye, gefe guda wuta ta lashe shi.

Ta ce, "Fa'iza, ga zanenki. Duk abin da ke tsakani, ba ni manta wadda ta goyo min ɗiya cikin wuta."

Na riƙe zanen. Sai lokacin na gane ita har yau ba ta sani ba. Ni na ɗauka kowa ya sani, ita kuma ba ta ba kowa a gidanmu damar faɗa ba.

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ta ce to na Inna ne?

Na ce, "Zeinabu, ni gudu na yi da tawa. Na manta da Rabi cikin ɗaki, Allah na gani. Mai zanen ga ta can."

Jariatu na bakin murhu tana tuƙa tuwo, ɗaure da tsohon zanena, don da zanen jikinta guda ta fito, na biyun kuwa shi ne wanga. Ba ta ko juyo ba. Da Zeinabu ta ƙarasa ta tsaya kanta, sai ta ce, "Kukanta na ji ta taga. Ta daina tarin?"

Zeinabu ta zauna nan ƙasa cikin toka. Ta daɗe. Ni na shige ɗaki, don ba na son a ga fuskata, faɗin abin da bakina ya fi min gudun ranar wuya. Da na fito ta tafi, ta bar Rabi bisa cinyar Inna.

Asabar, 28 ga Janairu

An ji muryar Zeinabu ta bisa danga yau, ba kaɗan ba. Ta Bukari ba a ji ba.

Litinin, 30 ga Janairu

Bukari ya zo aron moto da sassafe. Latifu ya ce ina zuwa? Ya ce Malanville. Latifu ya ce hau in kai ka.

Talata, 31 ga Janairu

Sun dawo da shi jiya da la'asar, su uku bisa moto guda, Bubakar a tsakiya. Ya rame. Jariatu ta ga sun tsaya, ta shige ɗaki ta bar tukunya bisa wuta, sai ni na sauke.

Bukari bai yi dogon zance ba. Ya ce a gaban mutane irin geron na mishi ciwo har yanzu, ba za shi yi ƙarya ba, amma ya janye. Bubakar ya ce akwai wani kawunshi wajen Madécali da ya taɓa karɓar irin nan hannun baban Bukari, za shi tambaya. Ko za a samu, Allah masani.

Inna ta sa anka kawo ta da sanda. Ta tsaya gabanshi ta fara da Hausa, "Bubakar, ni na yi maka..." Wallahi duk tsakar gidan sai da kowa ya riƙe numfashi. Ya ɗaga hannunshi mai tsumma ya ce, "Inna, don Allah tsaya. In godiya ce, yi min da Dandanci, ko ban ji duka ba. Hausarki tsada gare ta."

Har Bukari sai da ya yi dariya. Inna ta kai ma Bubakar sanda, sannan ta yi ta yi da Dandancin, tana kuka, shi kuma kai a ƙasa shina amin.

Na dafa shinkafa da kifi, na yanka albasa ban yi rowa ba. Na zuba ma Bubakar da hannuna. Na ajiye kwanon gabanshi na ce a ci lafiya.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Na daɗe ban rubuta ba, ana ta cirar albasa. Ta yi kyau bana. Ciyawa ta fara tsirowa cikin toka wajen fadama.

An sake kafa ruga. Masu cewa a kore su sun yi shiru tun da Zeinabu ta ɗauki kara a kai ta kai musu da kanta. Ba a tsohon wurin anka kafa ba, cikin gonarmu ta bayan gida, jifa guda daga danga. Ni na ce ma Latifu a matso da ita, don taki. Gonar ta gaji, kowa ya sani. Ya dube ni ya ce, "Albasarki fa?" Na ce shinge na nan, mi ya kawo zancen albasa.

Ɗakina ya dawo hannuna, na mayar da kwanoni. Ya yi faɗi da yawa.

Yau na makara, na tarar murhu ya mutu, ashana ta ƙare, Samira na kukan kunu. Na hango hayaƙi na tashi ruga. Ban yi tunani ba na leƙa ta bisa danga na ɗaga murya, "Jariatu! Zo ki sa muna wuta."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Inna na bakin ƙofarta da tasbaha, ta tsaya cak. Can ruga ma shiru. Sannan na ji dariyar Jariatu, ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Ta zo da garwashi cikin kasko, ta durƙusa ta hura, ta kama.

Ta zo da nono kuma. Na karɓa, ba mu da shi.